Milimita Tara da Baba Ninka Ya Goge

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, shugabar makarantarmu, Kyaftin da sauran tsofaffin abokan aikin marigayi daga filin jirgin sama, malamanmu, Inna, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana zaune da shi, Babban Yaya, ɗansa na fari, da ƙannensa, iyaye da maƙwabta, 'yan uwana ɗalibai: assalamu alaikum.

Ina neman afuwar waɗanda ke kujerun baya idan muryata ba ta iso gare su ba. Ni ce wadda marigayi yake kira Malama Shiru, kuma ba a banza ya sa mini sunan ba. Ina aji biyar. Tun da na shigo makarantar nan ban taɓa hawa wannan dandamali ba sai yau. Shi ya sa na rubuta komai, don ko na manta wani abu, takardar tana nan.

An ba ni aiki biyu. Na farko, in yi magana a madadin 'yan ƙungiyar jirage. Na biyu, in yaye mayafin da ke kan teburin nan, in karanta katin da aka rubuta. A ƙarƙashin mayafin akwai akwatin gilashi da Babban Yaya ya sa aka yi, a ciki kuma akwai jirgin yaƙi na wasa, wanda Baba ya fi so, iyalinsa suka bar wa makaranta. Aikin farko zan yi iyakar ƙoƙarina. Na biyun kuwa ina roƙon a yi mini haƙuri. Ba zan iya karanta katin yadda yake ba, domin abin da ke jikinsa ba haka ya faru ba, kuma ina cikin mutum uku da suka san haka. Kafin in sauka zan faɗi dalili. Yaya, don Allah ka saurare ni har ƙarshe.

Baba makanikin jirgin sama ne. Shekara talatin da biyar ya yi a rumfar gyaran jirage kafin ya ajiye aiki. Mu ba mu san shi a can ba. Mun san shi a ɗan ɗakin da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Shekara biyar da suka wuce ya zo ya roƙi shugabar makaranta ta ba shi ɗakin. Ya share shi da hannunsa, ya kafa dogon tebur a ƙarƙashin taga, ya buga katako a bango, ya zana siffar kowane kayan aiki a inda ake rataye shi. Sannan ya kawo jirage bakwai, manya, irin waɗanda masu sha'awa ke tarawa, waɗanda Yaya ya riƙa aiko masa daga garin da yake aiki. Kowanne, in ka ɗauka, sai ka sa hannu biyu.

Ranar Larabar farko da na shiga, na ɗauka wasa za mu yi. Ƙawata da muke kira Rediyo, saboda ba ta da maɓallin kashewa, ta ɗauki ɗaya tana yawo da shi a sama tana yi masa kuka da baki. Baba ya bari ta gama, ya ce saukar ta yi kyau, fasinja bai ji komai ba. Sai ya miƙa mata rula, ya ce ta auna masa kan ƙusa ɗaya a jikin fiffike. Ta auna, ta ce milimita biyu.

"To ninka," in ji shi.

Ya bayyana mana cewa an yi jiragen nan ne kashi ɗaya cikin goma sha takwas na girman na gaske. Duk abin da ka auna, sai ka ninka sau goma sha takwas kafin ka san abin da mai ƙerawa yake faɗa maka. Rediyo ta ninka, ya ba ta talatin da shida. Baba ya ciro murfin kwalbar gam ya ɗora a tafin hannunta, ya ce ga girman ƙusar da take nufi, kuma da ya taɓa ganin irinta a jikin jirgi, da ya ajiye aiki tun ranar ya koma sayar da kwalabe. Daga wannan kalmar sunansa ya fito. Ba na jin akwai ɗaliba a nan da ta taɓa kiransa wani abu ban da Baba Ninka.

Ya kasance mutum mai auna abu kafin ya yi magana a kansa. Duk jirgin da ya shigo ɗakin nan sai an yi masa shari'a. Mu shimfiɗa zanen jirgin na gaske, wanda Kyaftin ke ara mana daga tsofaffin takardunsa, mu auna tsawo, mu auna faɗi, mu ƙirga bututun hayaƙi, mu duba ta ina farfela ta karkata. Duk inda muka sami saɓani, sai a ɗaura zare a wurin.

Ya kasance mai adalci, har ga mutanen da bai taɓa gani ba. Zaren kala biyu ne. Kore na kuskuren dole ne. Ƙafafun taya na jiragenmu duka sun yi kauri, in ka ninka sai su zama kamar turakun gada. Baba ya ce wannan ba laifi ba ne, da an yi su siriri daidai da gaskiya, da jirgin bai kwana biyu a tsaye ba. Haka murfin gilashin da ke kan matuƙi, wanda in ka ninka kaurinsa ya kusa bulo. Shi ma kore. Jan zare kuwa na kuskuren lalaci ne, inda mutum zai iya dubawa bai duba ba. Akwai jirgin da muka ƙirga masa bututu biyar a gefe, zane ya nuna shida. Wannan ja ne, babu ɗaukaka ƙara. Mukan yi ta gardama a kan launi har ƙararrawar tashi, kuma ba kullum Baba ke cin gardamar ba.

Inna, mun san daga ina zaren yake fitowa. Baba ya ce mana kyauta kike ba shi. Sai daga baya muka ji cewa shekara biyar kina neman jan zare da kore a aljihun keken ɗinkinki kina zargin jikoki. A madadin ƙungiya, muna ba jikoki haƙuri.

Ya kasance bai taɓa bari mu manta abin da aka ƙera jiragen nan dominsa ba. Rannan ya buɗe murfin ɗaya, ya ciro ɗan mutum-mutumin matuƙin da ke ciki, ya nuna mana. Ba shi da ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. An yanke su don ya shiga mazauninsa, tunda ba mai gani daga waje. Baba ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce waɗanda suka tuƙa irin waɗannan jirage da yawansu ba su girme mu da komai ba, suna da ƙafafu da iyaye, wasu an kakkaɓo su, wasu su suka kakkaɓo 'ya'yan wasu. Ya ce an gyara fenti har da tabon hayaƙi, amma mutumin ne aka ga za a iya ragewa. A wuyan ɗan mutum-mutumin ya ɗaura ja.

Ya kasance a wurin aikinsa kamar yadda yake a ɗakinmu. Wannan daga bakin Kyaftin muka ji, yana nan zaune, in na yi kuskure ya gyara mini. Wata rana an gama duba jirgi, fasinja sun shiga, saura Baba ya sa hannu. Ya dubi katakon kayan aiki, ya ga gurbin sifana ɗaya babu kowa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an gan ta, don ƙarfen da ya ɓata a rumfar gyara yana iya kasancewa a cikin inji. Aka sauke fasinja. Aka buɗe duk inda aka rufe. Awa uku ana nema, manya suna ta bugo waya, Kyaftin da kansa ya ce ya faɗa wa Baba maganar da ba zai maimaita a gaban ɗalibai ba. Daga ƙarshe Baba ya durƙusa zai leƙa ƙarƙashin taya, sai ya ji abu ya soke shi a cinya. Sifanar tana aljihun rigar aikinsa. Ba wanda ya gani. Da ya so, da ya ajiye ta bayan akwati ya ce a can ya tsinta. Sai ya miƙe ya ɗaga ta sama, kuma a rahoton ranar ya rubuta da hannunsa cewa an same ta a aljihun makaniki, ya sa sunansa.

Na kawo wannan labarin ne don ya taimake ni a kan wanda ke biye.

Jirgin da ke ƙarƙashin mayafin nan shi ne na takwas. Yaya ya aiko shi a farkon zangon da ya wuce. Muka sa masa suna Dogon Hanci. Baba ya so shi tun daga kwali. Kyaftin ya kawo zanensa, an yi shi daidai da girman jirgin wasan, yadda za ka ɗora jirgin a kai ka gani da ido. Amma takardun sun tsufa, Kyaftin ya ce kada a taɓa su da hannun gam. Sai Baba ya aike ni ofis in yi kwafinsu.

Zanen gangar jiki ya fita lafiya. Na fiffike ne ya ba ni wahala. Ya ɗan fi takarda tsawo, duk kwafin da na yi sai bakin fiffiken ya yanke. Na ɓata takarda uku. Malamin ofis yana aikinsa, ni kuma kunya ta hana ni tambayarsa ko akwai babbar takarda. Sai na ga maɓallin rage girma a jikin injin kwafin. Na danna kaɗan, daga ɗari zuwa casa'in da bakwai. Fiffiken ya shiga tsaf, har na ji daɗin dabarata. Na kai wa Baba, ban ce komai ba, domin a lokacin ban ga abin faɗa ba.

Laraba ta zo, aka yi wa Dogon Hanci shari'a. Gangar jiki daidai. Wutsiya daidai. Bututu shida cif. Baba ya ce bai taɓa ganin jirgi mai gaskiya irin wannan ba. Sai aka ɗora fiffike a kan zane, ya zarce layi da milimita tara. Ɗaya gefen ma haka. Aka ninka, ya ba da santimita goma sha shida, tsawon tafin hannun babba a kowane gefe. Ran Baba ya ɓaci. Ya ce jirgi mai kyau haka ba zai zauna da jan zare ba, wannan kam gyara shi zai yi. Ya ciro magagari daga jikin katako.

A daidai lokacin na gane. Ina tsaye a gefen taga, riƙe da kwalbar fenti. Na san fiffiken bai yi tsawo ba, takardata ce ta yi gajarta. Na ce a raina bari ya ɗaga kai tukuna. Na ce bari 'yan aji uku su fita. Ya fara gogewa, garin roba yana zuba a kan tebur, sai na ce ai yanzu ya riga ya fara. Awa ɗaya da wani abu ina kallo. Ya goge gefe ɗaya, ya goge ɗayan, ya bi da sanfefa, ya mayar da zagayen bakin yadda yake, ya shafa fenti, har ba ka iya gane an taɓa. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Muka tafa masa. Ni ma na tafa.

Yaya, na san ya buga maka waya a ranar, yana murna, ya ce ya gyara wa kamfani kuskurensu. Abin da ka ji daga bakinsa ka sa a katin. Ba ka ƙara komai ba.

Mako biyar na yi da abin nan a cikina. Na daina zama kusa da taga. A mako na shida Baba bai zo ba, aka ce jiki ya motsa. Da na ji haka sai na faɗa wa Rediyo komai a bayan ɗakin karatu. Ta dube ni ta ce, wato duk shirun nan da nake yi ashe kaya ne a ciki. Ta ce ranar Asabar za mu je, in ban faɗa ba ita za ta faɗa, kuma ita in ta faɗa har maƙwabta sai sun ji. Na ari zanen asali wurin Kyaftin, ban gaya masa dalili ba.

Mun same shi da la'asar a kan kujera a baranda, an rufa masa bargo a ƙafa. Inna tana ciki, muna jin ƙarar kekenta. Ya rame, amma da ya gan mu ya tambaya ko mun zo duba shi ne ko mun zo auna shi. Ban iya dariya ba. Na shimfiɗa takardun biyu a kan cinyarsa, na asali da kwafina, na ɗora rula a kai. Na nuna masa ɗan layin awo da ke ƙasan zanen, wanda aka rubuta santimita goma a kansa.

Ya sa tabarau. Ya auna na asali, goma. Ya auna nawa, tara da ɗigo bakwai. Ya sake aunawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka tari ne, ashe dariya ce, har ta zama tarin gaske. Ya ɗaga murya ya ce Inna ta bar ɗinkin nan ta zo ta ga an kama shi. Inna ta fito da almakashi a hannu, aka yi mata bayani, ta ce shekara arba'in da ɗaya tana jiran wannan rana, kuma yarinyar da ba ta magana ce ta riga ta.

Ni kuka nake yi. Na ce masa ni na ɓata jirgin. Ya bari na gama, sannan ya ce mu yi shari'a yadda muka saba. Danna maɓalli, ya ce, kore ne, takarda ce ta gaza kuma ban san illar ba. Tsayuwa a gefen taga da baki a rufe kuwa ja ne, kuma ba zai rage mini ba.

"Amma ja biyu za a ɗaura," ya ce. "Shekara nawa ina ce muku ku auna layin awo kafin ku yarda da zane? Ni ban auna ba, don ina ɗokin in kama kamfani. Fiffiken hagu naki, na dama nawa."

Ya ce Laraba mai zuwa zai zo da kansa ya ɗaura a gaban kowa, ya kuma rubuta wa kamfanin ya ba su haƙuri, ko da ba su san an zarge su ba. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, Malama Shiru, a rumfar gyara mai kunya ya fi mai ganganci haɗari, don mai ganganci ana ganinsa. Ya ce ido ina da shi, saura baki.

Bai zo ranar Larabar ba. Kwana goma sha ɗaya bayan zuwanmu Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan mu uku muka sani, ni da Inna da Rediyo. Ina so a shaida cewa Rediyo ta yi wata biyu ba ta faɗa wa kowa ba, abin da malamanmu za su tabbatar bai taɓa faruwa ba. Da aka ba ni katin shekaranjiya in yi bitarsa, na karanta: "Jirgin da Baba ya gyara wa kamfani kuskurensa." Jiya na je wurin Inna na tambaye ta yadda zan yi. Ta ce ita ce ta roƙi shugabar makaranta a ba ni wannan magana, kuma ba don daɗin muryata ba. Ta ce ba ta faɗa wa Yaya ba, domin ita ba ta shiga tsakanin masu jirage. Sai ta jawo aljihun kekenta, ta yanko mini jan zare biyu, ta ce wannan karon da saninta.

Inna, mun gode da kika ara mana shi kowace Laraba, alhali ya yi ritaya ne don ya zauna kusa da ke. Ƙannen Yaya, ku sani babanku ya bar 'ya'ya goma sha tara a makarantar nan waɗanda ba sa cikin lissafinku. Huɗu daga cikinmu muna so mu karanci aikin injiniya. Rediyo tana so ta zama mai ba jirage umarni daga hasumiya, inda za a biya ta don ta yi magana. Shugabar makaranta ta ce ɗakin yana nan, malamar kimiyya za ta riƙe makulli, Kyaftin kuma ya yi alkawarin zuwa duk Larabar farkon wata, in gwiwa ta bari. Katakon yana bango, kowane ƙarfe yana gurbinsa. Mun duba yau da safe.

Yaya, na san ka yi akwatin nan ne don a riƙa ganin babanka a matsayin wanda ba ya kuskure. Ni ma da farko haka na so shi. Amma mutumin da muka sani shi ne wanda ya ɗaga sifana sama a gaban abokan aikinsa, shi ne wanda ya auna layin nan sau biyu ya yi dariya. Idan ƙannenmu da za su shigo baɗi suka karanta katin nan, za su koyi cewa Baba gwani ne. Wannan gaskiya ne, amma kowa ma zai iya faɗa musu. Idan suka ga jan zare biyu a fiffiken da ya fi kowanne kyau, za su tambaya, mu kuma mu ba su labarin, har da rabona a ciki.

Jirgin naku ne, katin naka ne. In ka ce a bar shi yadda yake, ba zan sake cewa komai ba, kuma kowa ya san na iya wannan. Roƙona shi ne ka buɗe akwatin. Ni zan ɗaura na hagu, don nawa ne. Na dama na Baba ne, kuma ba na jin ya kamata wani ya ɗaura masa in ba kai ba. Ga shi nan a hannuna.

Na gode, Yaya, da ka taso ka buɗe akwatin. Ba sai ka ja da ƙarfi ba, ƙulli biyu Baba yake yi.

Muna godiya ga shugaban zama, da shugabar makaranta, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, na dole da waɗanda ba na dole ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya faɗaɗa masa shi. Ɗan alherin da ya yi mana a ɗakin nan na bayan ɗakin gwaje-gwaje, Allah ya ninka masa, ninkin da ba mu da rular auna shi. Allah ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri da lafiya. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu idon gani da bakin faɗa tun kafin a ɗauko magagari.

Amin. Wassalamu alaikum.